Haƙurin da Muka Riƙe wa Mai Gishirin Keana

Shekarun baya, a shekarar da maigidana ya rasu, wani abu ya same mu ni da ɗana na fari. Ni ban iya rubutu ba, ban taɓa zama a aji ba. Matar ɗan nawa ce ke riƙe da waya, ina faɗa tana rubutawa, kuma na roƙe ta kada ta gyara mini magana, ko a wurin da mijinta bai fito da kyau ba.

Maigidana ya rasu da tsakiyar damina. Ya bar gonar doya a wajen Agyaragu, wadda ya dasa da hannunsa, ya kafa wa sanduna, bai ga amfaninta ba. Mu a Bukan Sidi muke zaune, cikin Lafia, amma gonar ta gado ce, bai taɓa yarda ya sake ta ba. Fiye da shekara arba'in na zauna da mutumin nan. Har yanzu in na ambace shi muryata takan tsaya. In kun ga magana ta yanke a wani wuri, ba laifin mai rubutu ba ne.

Da lokacin haƙa ya yi, 'yan'uwansa suka taimaka aka haƙe doyar. Saura kwasowa. Ɗana malamin firamare ne, yana da lasin tuƙi, amma ƙaramar mota kawai ya saba ja. Ya ce maimakon mu ɗauki shata da direba, gara ya yi hayar a-kori-kura ta yini ɗaya ya tuƙa da kansa. Na ce zan bi shi. Ina cikin baƙaƙen kaya na zaman makoki a lokacin, ban cika fita ba, amma doyar ƙarshe ce ta mijina, ina so in gan ta a gona kafin a loda.

Mai motar wani ɗan kasuwa ne da ke ba da motoci haya. Ya san maigidana, ya yi mini gaisuwa da kyau. Da yana miƙa wa ɗana makulli da takardu sai ya ce motar tana da inshora, amma ta mutum na uku ce. Na tambaye shi wane ne mutum na uku, tunda mu biyu ne za mu tafi. Ya yi dariya ya ce shi da duk wanda ya ba motar su ne na ɗaya, kamfanin inshora na biyu, na uku kuwa duk wanda tsautsayi ya haɗa mu da shi a hanya. In an buge wani ko an lalata masa kaya, kamfani ne zai biya. Amma motar, da doyarmu, da jikinmu, babu ruwan kamfani. Na ce ikon Allah, mutum ya riƙa biyan kuɗi duk shekara saboda wanda bai sani ba. A raina na ce dabarar 'yan boko ce ta cin kuɗin mutane. Ban sake tuna maganar ba har muka isa gona.

Mun yi lodi fiye da kima. Wannan gaskiya ce, kuma ni na jawo, don na ƙi a bar ko ƙananan doyar a baya. A hanyar dawowa muka iske ranar kasuwa ce a Agyaragu, mutane sun cika bakin titi. Wata dattijuwa ta sauko daga mota da babbar roba a ka, tana ƙetarawa. Ɗana ya taka birki, amma mota mai kaya ba ta tsayawa inda ƙaramar mota ke tsayawa, shi kuma bai san haka ba sai ranar. Ba mu da gudu sosai. Duk da haka na ji ƙarar a ƙirjina. Da na sauko, abin da na fara gani gishiri ne, ya watsu fari fat a kan kwalta, ita kuma tana kwance ƙafarta ta juya inda ƙafa ba ta juyawa.

Na durƙusa na tallabe kanta ina yi mata sannu, amma ta suma, ba ta ji ni ba. Mutane suka taru. Wasu samari suka shaƙe wuyan rigar ɗana, sai wasu dattawa suka shiga tsakani, ina jin baƙaƙen kayana ne suka sa aka sassauta. Aka sa ta a wata mota aka yi asibiti da ita a Lafia. 'Yan sanda suka tafi da mu da motar da doyar.

A ofishin 'yan sanda ɗana ya kira mai motar. Ya zo da sauri, ya ja mu gefe, ya yi mana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce kamfani zai biya kuɗin asibiti, amma da sharaɗi. Kada mu ce mu ne da laifi. Kada mu ba da haƙuri. Kada mu ba su ko sisi, kada ma mu taka asibitin. Ya ce ya taɓa ganin wanda ya buɗe baki ya ce a yafe masa, kamfani ya janye ya bar shi da ɗawainiya. Na ce masa matar nan tana can ƙafa a karye, a ce ko dubiya ba za mu je ba? Ya ce, "Mama, in kina son a gyara ƙafar nan, ki zauna a gida ki yi shiru."

Da maigidana na raye, shi ne zai yanke wannan magana. A gidanmu shi ne mai baki. Ni tawa ita ce in dafa abinci in bi shi a baya da kwano. Yanzu ga ni ga yaro yana kallona, ni kuma ina kallon mai mota, don shi ya san takarda. Muka bi maganarsa.

An ba da belin ɗana washegari. Motar ta zauna a can, doyar tana ciki, rana na dukanta. Da aka sake ta, rabi ya lalace. Na zauna a tsakar gida ina ware mai kyau da ruɓaɓɓiya, ina kuka, ban ma san wanne nake yi wa kukan ba.

Mun ji labari ta bakin mutane cewa matar 'yar Keana ce, cikin matan da ke dafa gishiri tun kakanni, kuma likita ya ce sai an yi mata aiki an sa ƙarfe a cinya. Danginta suka sayar da abin da suke da shi suka biya, da alkawarin kamfani zai mayar musu. Mu kuwa shiru. Muna cikin gari ɗaya, daga gidanmu zuwa asibitin tafiyar Keke ce ba mai nisa ba, amma ko leƙe ba mu yi ba.

Bayan kamar mako biyu aka kira ɗana ofishin 'yan sanda, na bi shi. A can muka haɗu da ɗan matar, kafinta ne a nan Lafia, magidanci mai furfura kaɗan a gemu. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Jami'in da ke riƙe da maganar ya ce tunda akwai inshora, in ɓangarorin biyu sun daidaita za a rufe fayil. Kafintan ya ce shi bai zo daidaitawa ba, kotu yake so. Ɗana ya ce masa ai kamfani zai biya komai. Na so in toshe masa baki, amma maganar ta riga ta fita. Mutumin ya dube shi ya ce:

"Malam, ko akuyar mutum ka buge, kakan tsaya ka nemi mai ita. Uwata ce. Kamfani ne ya buge ta?"

Sai ya juyo wurina ya ce, "Mama, shi yaro ne. Ke fa?"



A hanyar gida ɗana ya gaya mini abin da yake ɓoyewa. Shugaban makarantarsu ya kira shi ya ce in magana ta kai kotu aka same shi da laifin tuƙin ganganci, ba lallai aikinsa ya tsira ba, ban da ɗaurin da zai iya biyo baya. A lokacin shi kaɗai ke ɗauke da gidan, ƙannensa biyu na makaranta, matarsa na da ciki. In mun ba da haƙuri, kamfani zai janye, ba mu da abin biyan asibiti. In mun yi shiru, kotu.

Ban yi wata dabara ba. Da safe kawai na tashi na daka sakwara da doyar da ta tsira, na yi miyar kuɓewa, na zuba a kula, na hau Keke. Ban gaya wa ɗana ba. Na ce a raina mai mota ya hana mu magana, to ba zan yi magana ba, amma ƙafata tawa ce.

Na same ta a ɗakin mata, an ɗaga ƙafar an rataye. Ta girme ni da 'yan shekaru, siririya, hannayenta duk sun yi kanta saboda wuta da ruwan gishiri. Ita Alago, ni Migili, Hausa ce ta haɗa mu. Na gaishe ta, na ce ni ce uwar direban. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli kular ta ce in buɗe. Ta ci loma biyu ta ce sakwarar ta yi, amma miyar da gishirin kanti aka yi ta, yana da ɗaci a ƙarshen harshe. Na ce haka ne. Ta cinye tas.

Daga ranar kullum ina zuwa. Surukarta da ke jinyarta tana da goyo, sai na riƙa karɓarta da rana ta je gida ta huta. Ina goge mata jiki, ina kai fo in wanke, ina taje mata kai. Ina ce mata Yaya, ita kuma tana ce mini mai baƙin kaya. Ta tambaye ni wa ya rasu, na gaya mata. Ta ce nata mijin ya daɗe da tafiya, har ta manta muryarsa sai dai tarinsa. Muka yi dariya, daga baya na fita baranda na yi kuka. Ɗanta in ya zo ya same ni, yakan gaishe ni a tsaye ya juya baya. Bai kore ni ba, bai kuma janye maganar kotu ba.

Duk kwanakin nan ban taɓa ce mata ta yi haƙuri ba. Kalmar takan zo mini har baki in haɗiye. Ban san akwai wahala irin wannan ba. Mu da ko ƙafar mutum ka taka a kasuwa sai ka faɗa sau uku.

Wata rana ina shafa mata mai a bayanta, ba ta ma juyo ba, ta ce:

"Mai baƙin kaya, ke wace irin mace ce? Kin wanke mini kashi, kin wanke mini fitsari, amma bakinki ya kasa cewa in yi haƙuri. A garinku ba a faɗa ne?"

Na ce ana faɗa. Sai na zauna a bakin gado na gaya mata komai yadda mai mota ya gaya mana: mutum na ɗaya, na biyu, na uku, da cewa ita ce ta ukun, da cewa in muka furta kalmar kamfani ba zai mayar wa 'ya'yanta abin da suka kashe ba. Na zaci za ta yi fushi. Sai ta fara dariya har ƙafar da aka rataye tana motsi, tana cewa wayyo, tana ci gaba da dariyar. Ta ce ita ta zaci girman kai ne, ashe tsoro ne. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an hana mutum ba da haƙuri da takarda ba.

"To ki riƙe shi," in ji ta. "Ki ajiye mini a wurinki, kada ki ba kowa. Ranar da suka biya, ki kawo mini har gida, ke da yaron."

Da ɗanta ya zo da yamma ta sa shi ya zauna, ta yi masa bayani da yarensu. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga fuskarsa ba ta saki ba. A ƙarshe ya juyo ya yi mini magana da Hausa. Ya ce saboda uwarsa zai je ya roƙi 'yan sanda su dakata da kai fayil kotu. Amma ba zai janye ba sai ranar da ya ji da kunnensa, daga bakin wanda ya yi tuƙin. In kamfani ya ƙi biya, ko mu muka ƙi zuwa, magana tana nan inda take.

Haka muka zauna. An sallame ta ta koma Keana. Kamfani kuwa ba ya sauri. Yau a ce a kawo rahoton 'yan sanda, gobe na likita, jibi a ce hoton lasin bai fito ba. Ɗana ya yi ta zirga-zirga har ya rame. Duk ƙarshen wata sai ya je ofishin 'yan sanda ya nuna kansa, jami'in yana ce masa fayil ba ya kwana har abada. Matarsa ta haihu a cikin wannan hali, aka yi suna ba wani armashi. Sai da ruwan sabuwar damina ya sauka sannan aka kira mu aka ce an biya.

Na bi ɗana ofishin kamfanin ranar da zai sa hannu na ƙarshe, don ina so in ji da kaina cewa an sake mana baki. Wata mata ce a teburin, mai kirki. Na tambaye ta ko yanzu muna iya ba da haƙuri. Ba ta gane ba, sai ɗana ya yi mata bayani. Ta ajiye biro ta ce, "Mama, wa ya ce kada ku je dubiya?" Ta ce abin da ba sa so shi ne mutum ya yi alkawarin biya, ko ya sa hannu a wata yarjejeniya, ko ya yanke wa kansa hukunci ba da saninsu ba. Amma gaisuwa da jaje da nuna damuwa, wannan ai mutunci ne, babu kamfanin da zai hana. Da mun zo mun tambaya tun farko, da ta faɗa mana inda iyakar take.

Na kalli ɗana, ya kalli ƙasa. Wata da watanni muna ɗauke da abu kamar ƙwai a cokali, ashe ba mai karɓewa. Ban ga laifin mai mota sosai ba, shi ma abin da ya ji ne ya ƙara masa gishiri saboda tsoro. Mu ne ba mu tambaya ba, ni don ban iya karatu ba, ɗana don ya iya yana jin kunyar a ce bai gane ba.

Ranar Asabar muka tafi Keana, a motar haya ta kowa da kowa, ɗana bai tuƙa ba. Mun same ta a ƙofar ɗaki kan tabarma, sanda a gefenta. Tana takawa, amma ba za ta sake ɗaukar tulun ruwan gishiri a ka ba, kuma wannan babu kamfanin da ya biya shi. Ta riga ta aika an kira kafintan daga Lafia. Ta tara surukai da maƙwabta, kamar ana ɗaurin aure.

Ɗana ya cire takalmi ya durƙusa. Ya ce, "Mama, ni ne na buge ki. Na yi lodi fiye da ƙarfina, ban iya motar ba. Ki yi haƙuri, ki yafe mini." Ta sa hannu a bayan kunne ta ce ta tsufa, ba ta ji ba. Ya sake faɗa. Ta ce ita ta ji yanzu, amma ɗanta yana can nesa. Ya faɗa na uku da ƙarfi, har matan da ke tsaye suka fara dariya. Sai ta dafa kansa ta ce ya tashi, ta yafe tun tana asibiti, so take ta ga ko ajiyar ta lalace.

Ni ma na faɗi nawa. Na kuma gaya mata abin da matar kamfani ta ce. Ta riƙe baki ta ce kada in bari ɗanta ya ji, amma ya riga ya ji. A ranar na fara ganin haƙoransa. Ya miƙa wa ɗana hannu, ya ce su haɗu a ofishin 'yan sanda ranar Litinin. Sun haɗu, ya janye, aka rufe fayil. Ɗana yana nan a aikinsa har yau.

Mun ci gaba da zumunci da ita har Allah Ya karɓi abinsa bara waccan. Na je jana'izarta, na zauna cikin dangi.

Yanzu in na ji wani zai yi hayar mota, nakan ce ya tambayi inshorar, ya tabbatar ta gaske ce, ya kuma je da ƙafarsa ya ji abin da ta hana da abin da ba ta hana ba. Na daina cewa dabarar cin kuɗi ce. Ba don ita ba da gidaje biyu sun durƙushe. Amma ita kuɗi kawai ta iya kaiwa. Ba ta zuwa asibiti, ba ta durƙusawa, wannan sai mutum.

Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa ɗana ba, sai yanzu da matarsa ke rubutawa. A motar da ta dawo da mu daga Keana, raina fes, na kama kaina ina shirya yadda zan ba maigidana labarin: inda zan kwaikwayi muryarta, inda zan sa hannu a bayan kunne, inda na san zai yi dariya har ya buga cinya. Na shirya shi tsaf tun daga farko har ƙarshe. Sai da muka shigo Lafia, na hango kwanar gidanmu, sannan na tuna.